Da Inna Ta Ce Zuba

Na so in bar maganar nan ta bi Inna kabari. Mijina ma ya ce in haƙura, faɗar ba za ta dawo da ita ba. Na sani. Amma duk ranar da na shiga gidanmu na taka simintin tsakar gida, sai abin ya dawo min sabo. Kuma na tabbata yanzu haka akwai wata tsohuwar a wani gidan da ake shirin yi wa irin abin da aka yi wa tawa. Don haka zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Sunana Binta. A Kura nake aure, sana'ata turara shinkafa, yadda na tashi na ga Inna tana yi. Gidanmu yana wani ƙauye a bakin kanal ɗin ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Inna tana zaune da yayana Musa da matarsa Rabi, sai Baffa Sule, ƙanin Baba, da gidansa ke jikin namu. Shi ne babba yanzu, abin da ya ce shi ake yi.

Akwai abin da dole in faɗa tun da wuri, don shi ne gindin komai. Inna 'yar Maguzawa ce. A wata unguwa ta bayan Bunkure aka haife ta, ta musulunta tana budurwa, Baba ya aure ta tun ba a haƙa kanal ba. Ni tunda na buɗe ido ban taɓa ganin salla ta wuce ta ba, goshinta har tabo ya yi. Da aka kawo ta gidan ta tarar da Baffa Sule yana ƙaramin yaro, uwarsa ta rasu. Ita ta yi masa wanka, ita ta goya shi, ita ta cire masa ƙwarƙwata. Har ya yi furfura Auta take ce masa. Ku riƙe wannan, za ku ga inda na nufa.

Ciwon ya zo ne da kaka, shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta cika gida, kowa na ta aiki. Da hantsi Inna tana baza shinkafa a kan tamfol, Rabi ta ga ƙwaryar hannunta ta faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin Rabi ta ƙarasa wurinta ta zube a gefen dama, baki ya karkace, miyau na zuba. Aka kira Baffa daga gona. Ya duba, ya ce iskar bakin ruwa ce ta buge ta, a shafa mata mai, a yi hayaƙi, a karɓo rubutu. Ni da nake Kura, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba, ba wanda ya kira ni sai bayan la'asar. Wai kada a tayar min da hankali. To sun kyauta, ai ya kwanta.

Ni na tsaya kai da fata aka samo mota. A asibitin kusa suka auna ta, suka ce jininta ya hau sosai, shanyewar ɓarin jiki ce, mu wuce birni. Mai awon ya dube ni ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun hantsi. Ya girgiza kai. Girgiza kan nan har yau ina ganinsa.

Makon farko a babban asibiti ba sai na ba wanda ya taɓa jinya labari ba. Layin kati, layin biyan kuɗi, layin ganin likita, ka kai gaba a ce an tashi. Aka ce a ɗauki hoton kai, muka je aka ce na'ura ta lalace, sai a waje. Jarina na shanshera a nan ya narke, Musa ya sayar da injin ban ruwansa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, wannan kam Allah Ya saka masa. Likitan da ke zagaye kullum a guje yake, kafin ka haɗa tambayarka ya kai gado na gaba. Ban ga laifinsa sosai ba, mutane ne kamar ƙasa. Amma haushi dai na ji.

Inna ta farfaɗo, ta fara haɗiyar koko, ido ya buɗe tar. Sai dai hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana kuma ta ɗauke ƙaf. Za ta buɗe baki, ka ga tana nema, tana nema, sai hawaye. Wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi, 'yar wajen Garun Mallam, ita ce ta fara zama ta yi mana bayani kamar mutane. Ta ce min, "Kada ki bari a ce ta haukace. Hankalinta yana nan, tana jin duk abin da kuke faɗa. Kin san ruwa yana dam amma ciyawar kacala ta toshe kanal? To haka ne. Ku riƙa yi mata hira. Duk abin da kuka ga tana so ta yi da hannunta, ku bar ta ta yi. Watannin farkon nan su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara, kada ku yi wasa da su."

Da aka sallame mu muka dawo gida, na maimaita wannan magana a gaban kowa. Baffa ya ce to, Allah Ya sawwaƙe, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mijina ya yarda na tare a gidanmu don jinya. Da safe mukan fito da Inna mu jingina ta da bango a kan tabarma ta sha hantsi. A mako na uku ko na huɗu, ina tankaɗe, na ga ta miƙa hannun hagu ta share ƙasar gabanta, ta sa yatsa tana tona ƙananan ramuka. Ɗaya, ɗaya, a jere, sai dai layin a karkace, tunda hagu ce kuma hannun na rawa. Ta yi layi guda, ta fara na biyu. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta yi ta kokawa da bakinta, can sai kalma ta fito.

"Zuba."

Na yar da rariya, na yi kanta ina kuka ina dariya. Kalmar farko kenan tun ranar da ta faɗi. Na kawo ruwa, ta ture. Na kawo koko, ta ture. Ta nuna ramukan ta ce, "Zuba. Zuba." Na ɗauka ko dashen tumatir take tunawa, na zuba ruwa a ramin, ta buge min hannu har buta ta faɗi. Wallahi ban gane ba, Rabi ma ba ta gane ba.

Labari ya kai wa Baffa. Ya shigo ya tsaya a kanta, hannu a baya, ya daɗe yana kallon ramukan. Inna ta ɗaga kai ta dube shi, fuskarta ta saki, don shi ɗanta ne a wurinta. Ta nuna masa ƙasa ta ce, "Zuba."

Ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi. Musa, zo nan. Ka ga abin da nake tsoro ko? Rami a ƙasa, da hannun hagu, kuma a zuba. Me ake zubawa a rami a gidansu in ba jini da giya ba? Abin iyayenta ne ya taso mata."

A gabanta ya faɗa. A gaban matar da aka ce mana tana jin komai. Ya sa takalminsa ya share ramukan.

Na ce, "Baffa, Inna fa kake faɗa wa haka."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Mutum in ya zo gargara, abin da ke can ƙasan zuciyarsa ne yake fitowa. Tunda ta kwanta kin ji ta yi salati? Kin ji ta yi kalma? Kalma ɗaya ce a bakinta, kuma kin ji ta. Mu dai mu yi ta addu'a kada ta cika a haka, don in ta cika a haka ban san me zan ce wa liman ba."

Nan ne na gane. Ashe abin da ake ciki kenan. Ni ina ta fama ta samu ta riƙe cokali, su kuwa lissafinsu ko za a yi mata salla in ta mutu. Kuma maganar ba ta tsaya a gida ba. Matan da suke zuwa dubiya suka fara tsayawa daga bakin ƙofa. Wata ta ce bugun ƙasa ne irin na masu duba. Wata ta ce ai dama jini ba ya ɓuya. Waɗanda Inna ta karɓi haihuwarsu, waɗanda ta yi wa iyayensu wankan gawa, su ne da wannan bakin. Ba wanda ya lura cewa duk sanda aka kira salla sai ta ja jiki ta juya gabas, ta ɗaga hannunta mai lafiya, leɓenta na motsi ba sauti. Na nuna wa Baffa da idonsa. Ya ce Allah ne masanin abin da take faɗa.

Aka shiga kawo masu magani. Ni ban ƙi addu'a ba, ni ma ita nake yi dare da rana. Amma mutumin da Baffa ya kawo, mai tsawa a kunnen tsohuwa yana cewa fita, fita, yana watsa mata ruwa a fuska har ta shaƙe, wannan ban san sunan abin da ya yi ba. Aka yi hayaƙin da ya bar ta da tari. Aka ce a daina kai ta gashi, ba ciwon asibiti ba ne. Na ce sai dai a ɗaure ni. Duk ranar gashi ni da Rabi muke cicciɓarta mu sa a mota.

Ita kuwa ba ta daina ba. Kullum aka fito da ita sai ta share ƙasa ta fara. Kullum kafin ta gama layi na biyu wani ya zo ya share. Baffa ya sa doka, duk wanda ya gani ya goge. Da abin ya ishe shi sai ya kira Musa ya ce a yi wa tsakar gidan daɓen siminti. Musa ya zo yana sosa ƙeya, wai dama ya daɗe yana so a yi, saboda shanyar shinkafa. Na ce, "Yaya, ka dubi idona ka faɗa." Bai duba ba. Aka sauke yashi a ƙofar gida, magina suka zo, aka shafe tsakar gidan tas, tun daga ƙofar ɗakin Inna har zaure.

Ranar da aka fito da ita kan simintin, ta shafa, ta sake shafawa. Ta sa farce tana ƙwaƙula har yatsa ya yi jini. Kwana biyu tana haka, sannan ta daina. Zuba ɗin ma ta daina faɗa. Ta koma sai dai ta zauna ta zuba wa bango ido. In na kawo abinci ta kau da kai. Ta rame, wuya ya fito, in na yi mata hira ko kallona ba ta yi. Ma'aikaciyar gashi ta ce, "Me ya faru? Matar nan ta koma baya." Baffa kuwa cewa ya yi alhamdu lillahi, abin ya lafa. Haka muka ci kusan wata biyu, watannin da aka ce kada mu yi wasa da su.

Inna tana da ƙani guda da ya rage, Kawu Nomau. Shi bai musulunta ba, 'ya'yansa wasu masallaci wasu coci, shi kuwa yana nan yadda ya tarar da iyayensa. Ba wanda ya aika masa. Ni ma hankalina bai kai can ba, sai a kasuwa ya ji a bakin wani mai sayen albasa. Ya zo a kan kekensa da zabbi biyu a ɗaure a baya. Baffa ya tare shi a zaure, aka gaisa, aka ce tana barci, an gode, za a faɗa mata. Ina jin muryarsa daga ciki na fito ko mayafi ban gyara ba, na ce, "Kawu, shigo, idonta biyu." Baffa ya harare ni. Na yi kamar ban gani ba.

Da ta gan shi sai ta miƙa masa hannu. Ya durƙusa ya riƙe hannunta yana cewa, "Yaya, ni ne. Yaya, haka kika koma?" Suka yi kukansu. Da ya tashi tafiya ta riƙe rigarsa ta ƙi saki, tana nuna ƙofa. Ya ce ko iska take so ta sha, a fitar da ita. Muka ɗauke ta ni da shi muka ajiye a inuwar ƙofar gida. To a nan ragowar yashin magina yake, wanda aka sayo don a hana ta. Ta miƙa hagu ta jawo yashin, ta baje, ta fara. Layi ɗaya. Layi biyu. Ina ta waige, don Baffa yana zaune a kan benci ga shi nan. Ya yunƙura zai tashi, Kawu ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Layi uku, huɗu, biyar, kowanne rami shida. Karo na farko kenan da aka bar ta ta kai ƙarshe.

Ta dubi ƙaninta ta ce, "Zuba."

Kawu ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Kai, Yaya. Kina wannan halin ma sai kin ci ni?" Ya tashi ya karyo karan dawa daga jikin danga ya gutsuttsura, ya tsinto tsakuwa, ya zube mata tsakuwar a gaba, ya riƙe karan. Ya soka ɗaya a rami. Ta ɗauki tsakuwa ta sa a wani.

Dara ce. Darar da maza suke yi a gindin kowace bishiya daga nan har Kadawa.

Kawu ya ce tun suna yara, in an tura su gadin dawa saboda tsuntsaye, babansu yake zaunar da su ya koya musu, don shi mayen dara ne kuma ba ya samun abokin yi. Ya ce a duk unguwarsu ba namijin da yake cin Yaya. In za a fara, ana jera 'ya'yan darar ɗaya bayan ɗaya, wanda ya sa nasa sai ya ce wa ɗan'uwansa zuba. Da ta yi aure ta bari, tunda matar aure ba ta dara, ba ta kuma taɓa ba wa kowa labari ba. Ni 'yarta ban sani ba.

Na juya wajen Baffa. Mutumin nan ya ƙare samartakarsa a gindin durumin bakin kasuwa yana dara, har Baba ya taɓa zuwa ya koro shi da kara. Na ce, "Baffa, ka gani? Jini ne ko giya?"

Ya leƙa, ya ce, "Dara? Mace?" Sannan ya gyara hularsa ya ce, "To ai ita ma wasan banza ce. Tsohuwa mai jiran sa'i, carbi ya kamata a ba ta." Ya shige gidansa. Ko a yi haƙuri bai ce ba. Har yau ɗin nan bai ce ba.

Ranar Kawu ya cinye ta tas, don tana sa tsakuwa inda bai kamata ba, tana mantawa da nata da nasa. Na yi masa raɗa na ce ya bar ta ta ci mana. Ya ce, "In na bar mata za ta gane, kuma ba za ta yafe min ba." Da daddare ta cinye tuwonta, har ta miƙo kwano.

Na ɗebi yashin na tara a bayan ɗakinta, wajen murhun turara, inda siminti bai kai ba, na ce duk wanda ya taɓa shi ni da shi ne. Kawu ya koya min: kowa da 'ya'ya goma sha biyu, a gama zubi, sannan a riƙa gusawa gida ɗaya ɗaya, wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokinsa guda. Shi yakan zo duk mako a kan kekensa, tsoho da shi, rana ko iska. Sauran kwanakin ni ce, in na ɗora tukunya sai mu zauna.

Da na faɗa wa ma'aikaciyar gashi, sai ta dafa kai. Ta ce, "Wannan kuka hana ta? Ai abin da muke nema kenan. Tana ƙirga, tana tuna inda ta sa, tana hango abin da za ki yi, tana jiran layinta, hannu yana aiki, kuma tana zaune da mutum ana dariya. Ba magani ba ne, kada ku bar ƙwayar hawan jini. Amma ku yi ta yi." Sai ta ƙara da abin da ya fi ƙona min rai. Ta ce da tun farko aka bar ta, da wataƙila an fi haka samu.

Abin ya zo a hankali, ba kamar yadda ake ba da labari ba. Akwai ranar da za ta watsar da yashin don haushi. Akwai makon da ba a ƙaru da komai ba. Amma layukan suka fara miƙewa. Ta daina ɗaukar karana a matsayin nata. Wata rana ta jera uku, ta bi su da yatsa, na ji ta ce, "Ɗaya. Biyu." Ta tsaya tana nema. Na cije leɓe don kada in taya ta. Can ta ce, "Uku." Bayan kwanaki ta cire min kara ta ce, "Na ci," da karkataccen bakinta, tana dariya har da tari. Kafin azumi ni kam na daina cin ta ko sau ɗaya, kuma ba bar mata nake yi ba.

Daga ƙirga sai sunaye. Ruwa. Rabi. Zafi. Binta. Musa ɗan fari ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce Yaro. Ranar nan ya shigo da buhun taki a ka, ta dube shi ta ce, "Musa." Sai ta kama baki don kunya. Ƙaton mutum ya ajiye buhu ya shige ɗaki, muna jin shesshekarsa. Washegari shi da kansa ya ƙaro yashi a baro.

Hannun dama bai dawo ba, ƙafar ma sai ja. Doguwar magana ta gagara har ƙarshe, kalma biyu, uku, shi kenan. Fatiha muka riƙa bi guntu-guntu bayan mun tashi daga dara, don na lura lokacin ne bakinta ya fi saki. In ta kama farko sai ƙarshe ya kuɓuce. Ita kanta ta san abin da ake faɗa a gari, kuma ta san abin da take kokawa ta kamo. Sau da yawa nakan ga tana gwadawa ita kaɗai, ta ce "La," ta tsaya, ta bugi cinyarta.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In naku ya faɗi, baki ya karkace, ku nufi asibiti a lokacin, a yi addu'ar a mota. In ya rasa magana, ku kama bakinku a gabansa, yana ji. In kuma kun ga yana wani abu da ba ku gane ba, ku bar shi ya kai ƙarshe kafin ku sa masa suna, ku nemo wanda ya san shi tun yana yaro. Tsofaffin nan da kuke gani a gindin bishiya suna dara kuna cewa zaman banza, ku ƙyale su, kansu suke wasawa.

Da damina ta yi nisa, shinkafa ta fara fitar da kai, zazzaɓi ya kama Inna, ya sauka a ƙirji. Muka kai ta, aka yi allurai, aka sallamo mu, amma jikin ya riga ya gaji. Ta daina fita bayan ɗaki. Na kawo yashi a faranti, ta yi zubi biyu ta kasa ɗaga hannu.

Ranar da za ta tafi, bayan la'asar, na ga numfashin ya canja. Na ce wa Musa ya kira Baffa. Da gangan na yi, ba don ina son ganinsa ba. Ya shigo ya tsuguna daga bakin ƙofa. Ta buɗe ido ta gan shi, ta ce, "Auta." Duk abin da ya yi mata, abin da ta ce kenan.

Na kai bakina kusa da kunnenta na yi kalmar shahada a hankali, na yi shiru. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Na sake yi. Ɗakin tsit, sai kukan Rabi ƙasa-ƙasa. Sai Inna ta fara, yadda take zubi, ta ajiye wannan ta huta, ta nemo na gaba.

"La. Ilaha."

Ta tsaya. Na ga idonta yana nema. Na riƙe hannun hagun nan da ya sha zagi, na danne bakina, don na san in na taya ta wani zai ce ni na faɗa.

"Illallah."

Kowa ya ji. Ba a daɗe ba ta cika.

Baffa ya shafa fuska, ya numfasa, ya dubi Musa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta dawo."

Ina riƙe da hannunta, ko sanyi bai yi ba. Na ce, "Ta dawo daga ina, Baffa?"

Musa ya ce, "Binta, ba yanzu ba."

Na ce, "Yanzu ne. Ta dawo daga ina? Ina ta je?"

Ya tashi ya fita neman masu haƙa kabari. A zaman makoki ina jin sa ta katanga yana faɗa wa mutane cewa ta cika da kalma, shi shaida ne, a gabansa aka yi. Kawu Nomau yana can gefe a kan yashi shi kaɗai, ba wanda ya miƙa masa tabarma sai da Musa ya tashi ya kai masa tasa.

Ina gaida Baffa in mun haɗu, don Inna ba za ta so in fasa ba. Amma tambayata tana nan, kuma ya san tana nan. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, matar da ba ta je ko'ina ba.